Tanti Rahina da Lambun Gwangwanaye na Saman Benenmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Litinin, 11 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu Tanti Rahina Yakuba, matar Malam Badamasi, bayan jinyar mako uku a asibiti a nan Alƙahira. Ina wanke-wanke aka kira Ummana a waya. Na ga ta zauna a ƙasa, sai na gane.

Tanti, ni ce Ummukulsum ta gidan Malam Harun, ƙofar da ke kallon taku. A wajen zaman gaisuwa mata suna ta faɗin alherinki, ni kuwa na kasa buɗe baki. Shi ya sa na rubuta nawa.

Shekara uku ke nan da muka taso daga Katsina muka sauka a unguwar Ainu Shams, saboda karatun Abbana a Azhar. Ban san kowa ba, Larabcin titi kuma ba ya shiga kunnena. Wata rana kika same ni a tsaye a bakin taga, kika miƙo mini buhu cike da gwangwanayen tumatir, kika ce, "Ke 'yar Katsina, hannunki ba ya ciwo ko? Yalla, biyo ni sama."

Saman benen nan a da wurin zuba tarkace ne. Ke kika roƙi mai gidan, Madam Mahasin, tsohuwar da ɗakinta ke ƙarƙashin rufin, ta bar miki gefe guda. Ba ki taɓa sayen tukunyar fure ba. Gwangwani a wanke, a shafa masa ragowar fentin da masu aiki suka bari, ya zama gidan na'ana'a. Jarkar mai a yanke mata kai a shuka yakuwa da lalo, da irin da kika ƙullo a bakin zani daga Maraɗi. Tsohuwar taya kika cusa wa tsummoki, kika lulluɓe da atamfa, ta zama kujera. Buhunan shinkafa kika ɗinke kika yi mana rumfa. Murafen lemo muka huda muka jera a zare, in iska ta taso su yi ta ƙara kamar caki. Ko kofin shayi ne ya fashe, sai ki ce a kawo, ki manna gutsattsarin a jikin tukwane da siminti.

Mai bikiya, wanda ke yawo da kura yana sayen tsofaffin kaya, har ƙorafi ya riƙa yi. In ya hango ki sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya Hajja, ki bar mini wani abu mana, duk titin nan kin riga ni!"

Ranar Juma'a matan ɗalibai kan zo tun daga unguwar Madinat Nasr don ganyen miya irin na gida. Dokarki ɗaya ce: wadda ta zo da gwangwani ta tafi da ganye. Wadda ta manta ma ba ta tafiya hannu sake.

Akwai abin da kike yi wanda ban fahimta ba. Kowace tukunya kina ɗora ta a kan tsohon faranti, ruwa kuma ba kya zubawa kai tsaye. Gorar roba kike hudawa da allura, ki kifa ta a cikin ƙasa, tana ɗiga a hankali. Ni na ɗauka tsimi ne kawai, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Da aka kwantar da ke a asibiti, kika ba ni makullin sama. Zafin garin ya yi yawa, ganye duk sun langaɓe, na ji tausayinsu. Sai na riƙa kwarara musu ruwa da bokiti safe da yamma, yadda muke yi a tsakar gidanmu na Katsina inda ƙasa ke shanye komai. Farantan suka cika, na janye su saboda sauro. Ban san cewa a garin da ba a cika ruwan sama ba, rufin tsohon gida irin namu ba ya jure ruwa kwance a kansa. Cikin kwana goma danshi ya ratsa silin ɗin Madam Mahasin, fenti yana ɓarewa yana faɗowa a kan gadonta. Ta kira Malam Badamasi ta ce khalas, wato magana ta ƙare, kafin ƙarshen wata a kwashe komai a ba mai bikiya.

Umma ta gaya miki a asibiti. Ta ce kin yi dariya har tari ya sarƙe ki, sannan kika ce, "Ummu ta ɗauka a Katsina take. Ku ce mata kar ta yi kuka. Ta je da ƙafarta ta ba tsohuwa haƙuri, kar ta aika babanta. Wanda ya zuba ruwa shi zai ƙwanƙwasa ƙofa."

Tanti, sau uku ina zuwa bakin ƙofar nan ina juyowa. Ina cikin haka kika rasu.

Ranar sadakar uku na hau da gwangwanin na'ana'a a hannuna, na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Mahasin. Da Larabcina mai karyewa na ce mata ni ce na yi ɓarnar, ba ke ba. Na ce na mayar da farantan, na huda gorori, ta zo ta gani da idonta. Sai ta ɗauki sandarta ta biyo ni, tana hutawa a kowace matakala.

Ta zaga tana taɓa ƙasan tukwanen da sanda, ko'ina a bushe. Ta zauna a kan tayar nan ta ce, "Lokacin da ƙafata ta kumbura, marigayiyar ce ta yi mako tana dafa mini abinci." Ta share ido da bakin mayafinta. "Ma'alish ya binti, ba komai 'yata. A bar shukar. Amma in na ƙara ganin ɗigo ɗaya, ke zan dasa a gwangwani."

Washegari ta aiko mini da manyan tire guda biyu na kayan aurenta, ta ce a sa a ƙarƙashin jarkokin. Abba da Malam Badamasi suka gyara mata silin. Juma'ar da ta wuce mata bakwai suka zo, na tsinka wa kowacce yakuwa, na ce su yi miki addu'a. Lambunki yana nan, Tanti. Na cika saƙonki, ko da yake na makara.

Ya Allah Ka jiƙan Tanti Rahina, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta a wannan ƙasa da ba tata ba. Duk ganyen da aka ci daga abin da ta shuka, Ka rubuta mata ladansa, Ka saka mata da lambun Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Badamasi, da 'ya'yanta Israa da Ya'ƙub, da mahaifiyarta da 'yan'uwanta na Maraɗi waɗanda ba su samu ganin gawarta ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ummukulsum Harun
Ainu Shams, Alƙahira