Ragon Laka Mai Kunne Ɗaya

Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, ni malamin zane ne a wata firamare a Talata Mafara, kuma ɗan mahauta gaba da baya. Mahaifina ya gaji da ganina ina kwaɓa laka kamar yaron goye. Ya ce in an yi Babbar Sallah shi ke nan, in ajiye shirmen in dawo kara, inda ake cinikin dabbobi, in kama sana'ar gida.

Ana nan sai abokina, wanda ke ɗaukar wa ma'aikatan dam hoto, ya zo da labarin da ya hana ni zama. Masu shirin yara na talabijin a Sakkwato suna son ɗan fim na musamman don Sallah, kuma sun yarda mu yi shi da mutum-mutumin laka. Wallahi ranar ban san lokacin da na rungume shi a tsakiyar titi ba.

Aikin na masu haƙuri ne, ni kuwa ba ni da shi. Ka ɗaga ƙafar rago kaɗan, a ɗauki hoto. Ka ƙara ɗagawa, a sake ɗauka. Sai ka yini ragon bai ƙetare tebur ba. Amma duk sanda na tuna a akwatin talabijin zai yi tafiya da kansa, sai in ji kamar in yi tsalle. Labarin mai sauƙi ne: wani maigida zai je kasuwar Maradun ya sayi rago ya yi layya.

Lakar da na ɗebo daga Bakura ta riƙa tsagewa saboda zafin fitila. Na cuɗa ta da kitsen shanu, ta yi laushi, ina ta yaba wa kaina. Ashe ɓeraye ma sun yaba. Ni a bayan tebur nake tsayawa, abokina kuma ƙafafu kawai yake kallo, don haka mun yi nisa da ɗaukar shigowar rago kasuwa kafin in zagayo in ga babu kunnensa na ɓangaren kyamara. An cinye shi tas.

Abokina ya ce a liƙa wani mu ci gaba. Na ce ina! An riga an ɗauke shi a haka, fim ɗin da ya rage ba zai isa a sake ba, kuma ko yaro a gidanmu ya san rago mai guntulallen kunne ba ya layya. A nuna wa duniya ɗan mahauci ya yanka irin wannan? Gara in bar garin. Na zauna cikin baƙin ciki, can sai dariya ta kama ni. Muka juya labarin: maigida zai zagaya ragon, ya ga kunnen, ya fasa saye, rago ya koma gida yana taƙama.

Washegarin Sallah da yamma aka nuna shi. Akwatin talabijin ɗaya ne a unguwarmu, aka fito da shi ƙofar gida, jama'a ta cika maƙil. Da kyar ƙannena suka jawo mahaifina, ya tsaya can gefe yana ɓata rai. Rago ya ɗaga ƙafa ya taka, wuri ya kaure da ihu. Ni dai idona yana kan mahaifina.

Maigidan laka ya matso kusa da ragon. Sai na ji muryar mahaifina ta rufe ta kowa: “Kai, kak ka saye shi! Ba ka ga kunne nai ba?”

Mutumin lakan ya zagaya, ya girgiza kai, ya wuce. Mahaifina ya ce, “Yawwa!” Jama'a suka fashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

Da aka watse ya kira ni. Na durƙusa.

“Kai ka gina wanga rago?”

“Ni ne, Baba.”

“Ƙirji nai ya yi ƙanƙane. Baɗi, kahin ka taɓa laka, ka taho kara in gwada maka ragon da za ka gina.”