Cutar da Na Gani a Hanjin Ƙudan Zuma

A shekarata ta biyu a London, aikina shi ne kama bumblebee, ƙaton ƙudan zuman nan mai gashi da ke bin furanni. Da rani nakan fita da raga da ƙananan kwalabe, in bi lambuna da tsofaffin maƙabartun Lewisham. In na kama sai in hau bas zuwa lab ɗinmu, ɗakin gwaje-gwajen jami'a da ke Aldwych, in jira kowanne ya yi kashi a kwalbarsa. Ɗigo ɗaya ne, amma a ƙarƙashin madubin likita sai ka ga ƙwayoyin cutar da ke cin hanjinsa. Daga nan a yi gwajin PCR, wanda ke karanta ƙwayar halittar cutar, ya tabbatar da abin da ido ya gani.

A lab ɗin akwai wani ɗan garinmu da ya riga ni gama digiri na uku. Shi ya samo mini flat, matarsa kuma ta nuna mini inda ake sayen daddawa a Deptford. Yaya nake ce masa.

Wata rana na ga abin da ya ɗaure mini kai. A madubi ga cuta ƙiri-ƙiri, kamar ƙwayar shinkafa, amma PCR ya ce babu komai. Na maimaita har na gaji. Kafin in je wurin farfesarmu, sai na kira Yaya.

Ya daɗe yana leƙa madubin, sannan ya ɗago. "Ƙanwata, garin fure ne kawai. Kada ki kai mata wannan, za ta ɗauka ba ki iya aiki ba. Kawo littafinki in duba miki inda kika kuskure."

Na ba shi littafin, da hotunan, da makullin firizar da nake ajiye samfurori. Ba a yi wata ba mahaifina ya rasu, na tafi gida.

Ranar da na dawo na tarar da fostar sakamakon wani bincike a bangon lab. Ashe wani irin cutar ne da gwajinmu ba ya kamawa, Yaya ya gyara gwajin, ya kama shi. Hotunana ne a jiki, na gane su ɗaya bayan ɗaya. Sunansa a sama, nawa can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa don kamo ƙwari.

Na same shi yana haɗa shayi. Na ce, "Yaya, ai ka ce garin fure ne."

"Bayan tafiyarki na sake dubawa," in ji shi. "Kina cikin makoki, ya za a yi in dame ki? Lokacin tura aiki taron masana ya ƙure, sai na yi submitting."

Na so in yarda. Amma a takardar da ake sa hannu a jikin firiza na ga ranar da ya fara ɗibar samfurorina: washegarin ranar da ya leƙa madubin. A lokacin mahaifina ko ciwo bai fara ba.

Na kai wa farfesa takardar. Ta kira shi rashin fahimta, ta sa aka ƙara sunana na uku cikin masu binciken. Da yamma matar Yaya ta bugo mini waya.

"Yanzu ɗan'uwanki za ki kai ƙara wurin Turawa? Bayan duk abin da ya yi miki?"

Na ce mata, "Anti, ki tambaye shi ranar da ya buɗe firizata." Ta kashe wayar.

Sauran ranin a benci ɗaya muka yi aiki ni da Yaya, muna miƙa wa juna kwalabe ba magana. Da sanyi ya shigo, ƙudajen suka ɓace daga lambuna, na nemi a mayar da ni wani lab a hawa na huɗu, kuma can na ƙarasa karatuna.