Kusurwar da Baba Ba Ya Nomawa

A gonarmu ta Lakwaya akwai wata kusurwa da Baba bai taɓa sa wa garma ba. Ba ta fi faɗin zaure biyu ba, duk tofa da sabara, sai wasu tsofaffin tukwane a kife. In ya zo wucewa sai ya yi sallama, ya ɗan dakata kamar mai jiran a amsa, sannan ya wuce. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, "Wurin mutane ne." Ni kuwa da ɗan bokona a ka na ce a raina, to, aljanun Baba ke nan.

Shekarar da ya rasu gonar ta dawo hannuna. Na ɗauko tarakta daga Gwarzo. Direban ya nuna kusurwar ya ce, "Malam, har da can?" Na ce har da can mana, ƙasa ce za a bari tana barci? Da rana tsaka ya bi ta kai. Ina jin tukwanen suna fashewa, ƙas, ƙas, ko a jikina. Wallahi ko a jikina.

Bayan kwana uku, mun riga mun shuka dawa, sai ga Gwaggo, yayar Baba, an kawo ta a babur daga Masanawa. Ta tsaya a bakin gona tana duban jar ƙasar, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ina tulun?"

"Wane tulu, Gwaggo?"

"Mai baƙin wuya. Innata ce a ƙarƙashinsa."

A nan na ji abin da ban taɓa zama na tambaya ba. Ashe can da gidanmu a nan yake. Shekarar sanƙarau aka rasa masu ɗaukar gawa zuwa makabarta, aka binne mutanen gida a bayan danga, kowa aka kifa masa tukunya, daga baya aka tashi daga wurin. Gwaggo da yake mace ce ba ta shiga, daga nesa take hango tulun ta yi addu'a. Yanzu ta ce ba ta san inda za ta kalla ba. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Sai da dawa ta kai gwiwa na ga abin. Ko'ina kore ne, amma a kusurwar akwai layuka bakwai da suka fi duhu, suka fi tsayi, kowanne tsawon mutum, a jere kudu da arewa yadda ake kwantar da mamaci. Gefen na huɗu akwai wani guntu. Ranar ba iska, ba tsuntsu ko ɗaya. Da na ba malamin gona labari, ya ce ƙasar da aka taɓa tonawa ta fi riƙe ruwa. To, na ji.

Na je na ɗauko Gwaggo. Ta ƙirga daga wajen bishiyar kukar da ke bakin gona, ta nuna na huɗu da sandarta.

"Ga Inna," ta ce, ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a.

Na ce, "Wannan guntun fa?"

Ta dube ni. "Bai gaya maka ba? Abokin tagwaicin ubanka ne. Shi yake yi wa sallama."

Ban girbe dawar nan ba, na kewaye wurin da ƙaya. Yanzu in na zo wucewa ina yin sallama, kuma ina dakatawa.