Lallen Iya da Na'urar Dutse

Wata Asabar ce a watan Afrilu, shekarar da na cika sha shida, wajen ƙarfe tara na safe, na ɗora babban yatsana a kan wata 'yar na'ura mai jan haske a ƙofar ɗakin jarrabawa a Dutse, ta ƙi ni. Jarrabawar shiga jami'a ce, wadda ake yi a kwamfuta sau ɗaya a shekara, kuma ba mai shiga ɗakin sai kwamfutar bakin ƙofa ta gane zanen yatsansa. Waɗanda ke gabana kowa ya dangwala, hotonsa ya fito a allo, a ce ya wuce. Da layi ya zo kaina sai na'urar ta yi wani ɗan kuka, jan rubutu ya fito. Ma'aikacin da ke zaune a wajen, wani siririn mutum mai tabarau, ya ce in ɗaga in sake. Na sake, ta sake ƙi. Sai ya ce in buɗe tafin hannuna. Ya dubi yatsuna goma, baƙi wuluk da lalle har gaɓa ta biyu, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Wa ya yi miki wannan aikin?"

Kakata ce ta yi min, Iya, mahaifiyar Baba. Sunanta aka sa min, don haka duk gidan Ummi ake kirana, ita kaɗai ke ce min Takwara. Ƙauyenmu na yankin Taura, gidanmu kuma gidan noma ne, gero da dawa da wake da riɗi, ga awaki da ba sa barin mutum ya huta. A bayan ɗakin Iya, inda ruwan wanka ke kwarara, akwai bishiyar lalle da ta dasa tun kafin a haifi Baba. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Akuyar da ta kuskura ta kai baki sai ta sha zagi har kakanninta, mu kuwa yara mu yi ta dariya a ɓoye. In kaka ta yi, mu ne masu tsinko ganyen, mu shanya a tabarma a kan rufin ɗaki don kada kaji su yi ɓarna, mu daka a ƙaramin turmi, ita kuma ta tankaɗe da wani tsohon ɗankwalinta, don a ganinta rariya ba ta fitar da gari mai laushi.

Ba abin da nake so a ƙuruciyata kamar ranar ƙunshi. Iya na da zunguru, wani dogon duma da ake zura hannu a ciki bayan an shafe shi da lalle, wanda ya yi santsi saboda tsufa, bakinsa ya yi ja. Duk yarinyar da hannunta ke cikin zungurun nan, ranar ta fi ƙarfin aiki. Ba ɗebo ruwa a rijiya, ba surfe, ba yankan ciyawa, ba kai abinci gona. Sai dai ki zauna a inuwa ƙafa a miƙe, kina kallon sauran yara suna 'yar carafke, kina ba su umarni kamar ke kika haife su. In an sauke tuwo Iya ce za ta ba ki a baki da hannunta, tana tsokanarki wai bakin ya fi na ɗan tsako buɗewa. Ni dai na sha ƙirƙiro dalilin ƙunshi don in guje wa tsinkar wake, kuma ta sani sarai, ba ta taɓa tona ni ba. Abin da take yawan faɗa shi ne, "Mace ba ta fita unguwa da farin hannu sai ka ce mai takaba." Ko asibiti za a kai mace a gidanmu, in da hali, sai Iya ta ɗan ɗiga mata ko a farce ne.

Ni ce mace ta farko a gidan da ta kai ƙarshen sakandare. Kullum da safe in share tsakar gida, in ba awaki dusa, sannan in bi ta cikin gonaki zuwa makaranta da takalmina a hannu in raɓa ta yi yawa. Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ita ce mai korar yara daga ƙofar ɗakinta in na shiga karatu, ita ce kuma ta tsaya wa Baba a kai har ya yarda in zauna jarrabawar. Wata uku kafin ranar, malaminmu ya kwashe mu a mota zuwa Dutse aka yi mana rajista. Aka ɗauki hotona, aka ɗauki zanen yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya, lokacin hannuna fes yake. Wanda ya yi min rajistar, idonsa na kan allo, ya ce, "Ban da lalle har sai an gama jarrabawa." Na ji shi da kunnena. Wannan ita ce maganar da na yi shekaru ban faɗa wa kowa ba.

Ana saura kwana uku jarrabawa, da hantsi, na dawo daga rijiya na tarar Iya ta shimfiɗa tabarma, ta kwaɓa lalle a ƙwarya, ga zunguru a gefe an wanke shi. Fuskarta cike da murna ta ce, "Zo nan, Takwara. Ba za ki shiga birni a ce ba ki da kowa ba." Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na rufe. Na sha gaya wa kaina cewa nauyinta na ji, amma gaskiyar ita ce ni ma ina so. Ran rajista na ga 'yan matan Dutse da jakunkunansu da agogo, ni kuwa ba ni da abin nunawa sai hannun da Iya ta yi wa ado. Na ce a raina ai na'urar da ta iya ɗaukar hoto ba za ta rasa gane yatsa don ɗan ja ba. Na miƙa mata hannu. Ta ƙunsa ranar, ta maimaita washegari, sannan ta haɗa gishirin lalle da toka ta shafa a kai don ya koma baƙi. Abin na da zafi kamar barkono, yana cin fata, tana shafawa tana hura min tana addu'a. Da ta wanke ta ɗaga hannun a rana ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa yin wanda ya kama haka ba.

Wannan hannun na buɗe wa mai tabarau a ƙofar ɗakin jarrabawa, bayan mun baro gida da Baba tun sallar asuba, mun bi ta Gujungu da Jahun a motar haya. Ba zan ɗora wa mutumin nan laifi ba, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya goge gilashin na'urar da hankici, ya ce in goge yatsan a hijabina in sake. Ya ce in shafa shi a goshi ya ɗan sami maiƙo, ko bushewa ce ta yi yawa. Ya ce kada in danna da ƙarfi, in kwantar da shi kawai. Muka bar babban yatsa muka koma manuni, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin yatsan hagu, kowanne sai kukan nan da jan rubutu. Ya zare wayar na'urar daga jikin kwamfuta ya mayar. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya ya kunna, muka tsaya muna jiranta, mutanen layi suna ta tsaki a bayana. Sai na fara sa rai ko na'urar ce ta lalace. Don ya tabbatar, ya kira yarinyar da ke bayana, ta dangwala sau ɗaya, hotonta ya fito. Ya juyo da allon ya nuna min hoton yatsana: inda ya kamata a ga layi-layi, ba komai sai baƙin dunƙule kamar an ɗiga tawada.

Ya ce in je in wanke da lemon tsami in dawo kafin a rufe ƙofa. A bakin get kuwa har da wata mata da tiren lemon tsami, ashe ba ni ce farau ba. Baba ya saya ya miƙo min ta tsakanin ƙarafan get ɗin. Na tsuguna a bakin famfo na matse, na cuɗa da sabulu, na sake matsewa. Lallen Iya ko gezau. Da na ga lokaci na tafiya sai na yi wautar da ta ƙarasa ni: na kama goga yatsan a jikin simintin famfon, ina gogawa ina kuka, har fatar ta saluɓe ta fara tsattsafo da jini. Da na koma, mai tabarau ya duba ya girgiza kai, ya ce da na bar shi ma da sauƙi, yanzu ɗan zanen da ya rage na kankare shi. Ya gwada ni a wata na'urar ta biyu, duk ɗaya. Aka rubuta sunana da lambata a wata takarda, aka ce in an sami dama za a neme mu. Ina tsaye aka rufe ƙofar. Ta taga ina hango kujera guda ba kowa, kwamfutarta a kunne.

Har muka iso gida Baba salati yake ta yi ƙasa-ƙasa. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta da kwanon fura da ta dama ta ajiye min. Ta ce, "Takwara, an ci?" Ni kuwa duk abin da na haɗiye a mota sai ya taso. Na miƙa mata hannayen a fuska, a gaban Baba da matan gida, na ce, "Ga abin da kika jawo min. Lallenki ne ya hana ni shiga." Baba ya daka min tsawa. Iya ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon yatsan da ya ji ciwo, sannan ta tambayi Baba a hankali ko gaskiya ne. Ya ce haka suka ce. Ta ce, "Ban sani ba. Da wani ya faɗa min." Na tsaya a wajen, na san wanda ya kamata ya faɗa mata, na yi gum.

Ba a neme mu ba. Shekarar nan a gida na yi ta, ƙawayena biyu suka tafi makaranta, ni ina cire ciyawa a gonar riɗi ina kallon lallen yana bin farce yana fita a hankali. Iya ta rataye zungurun a can ƙuryar ɗaki. Sallah ƙarama ta zo, babba ta zo, 'yan matan gida suka yi ta roƙonta, ta ce idonta ba ya gani sosai yanzu, su je maƙwabta. Awaki suka sami bishiyar lalle suka yi mata tas, ba wanda ya ji zagi. Kullum ina cewa gobe zan shiga in faɗa mata, kullum kuma in ga ya fi jiya wuya.

Da shekara ta zagayo, ana gobe jarrabawa da la'asar na shiga yi mata sallama. Ban san lokacin da na mayar da hannayena baya ba, na ɓoye su a cikin hijabi. Ta gani. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kwantar da hankalinki, Takwara, ba zan taɓa ba." Da can in za ta yi min addu'a sai ta riƙe hannuna ta tofa a tafin. Ranar daga inda take zaune ta yi, hannuwanta a kan cinyarta. Washegari na dangwala sau ɗaya hotona ya fito. Na ci jarrabawar, na tafi makaranta, ina zangon farko aka aiko cewa Allah ya yi wa Iya rasuwa.

Yanzu a Dutse nake aiki, a wani ofis da kwamfutata ba ta buɗewa sai da yatsa. Ni ake kira in ta wani ta ƙi. In ce a goge gilashin, a busar da hannu in da gumi, a ɗan shafa mai in ya bushe, a zare waya a mayar, in duk ya faskara a shiga da lambar sirri a share tsohon zanen a ɗauki sabo. Ina sa kowa ya yi rajistar yatsa biyu ko uku, kuma in biki ya matso nakan bi mata ɗaya bayan ɗaya in ce su bar yatsa guda fari, ina kallon idonsu in na faɗa. Suna min dariya, wai na cika naci. Abin da ke ɗaukar minti biyar a yau shi ya cinye min shekara, amma ba shekarar ce ke damuna ba, ta wuce kuma na mayar da ita. Zungurun yana wajena, Baba ya ba ni bayan addu'ar arba'in, har yanzu in na kai hanci bakinsa ina jin ƙanshin ganyen. Kowace safiya na'ura na karɓar yatsana ba musu. Iya kuwa ta tafi tana zaton laifinta ne.