Staf Geboers, Wanda Ya Buɗe wa Katafila Hanya

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, ina cikin shanya kaya Annemie, 'yar maƙwabcina, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Gwaggo Lieve, Baba ya cika." Haka na ji rasuwar maƙwabcina Staf Geboers, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Na zauna a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen tawul a hannu, na kasa tashi.

Staf, mun fi shekara arba'in muna faɗa ta kan shingen nan. Tantabarunka su ɓata mini shanya, in zage ka tas, ka cire hula ka ce ai albarka suka sa mini. Ban taɓa cin ka a gardama ba, kuma har yau abin yana ba ni haushi.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta ma'aikata ya san tokar masana'antar tutiya. Kyauta ake ba da ita, baƙa, mai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Muka shimfiɗa ta a tsakar gida da hanyar lambu, har ƙarƙashin lilon yara, muna ta yabonta don ko tsinken ciyawa ba ya fitowa a kanta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya hana ciyawar fitowa. Kai kuwa, in ka tashi daga aikinka a gaban wutar narka ƙarfe ta masana'antar, sai ka ɗauki baro ka kai wa tsofaffi da matan da suka rasa mazajensu. Alheri kake yi, kowa ya shaida. Ni ma baronka ne ya cika mini gida shekarar da mijina ya rasu.

An daɗe da rufe masana'antar kafin masu bincike su zo su ɗebi ƙasarmu su gwada. Suka ce tokar nan cike take da dalma da wata gubar ƙarfe: kada mu ci kabejinmu, kada mu sha rijiya, kada yaro ya yi wasa a ƙasa. 'Yata Katrien ta saɓa jaririyarta Fien a kafaɗa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan ƙara kawo ta gidan nan ba sai an kwashe ƙasar nan." Na san halin 'yata, nawa ta ɗauko. Kirsimeti ya zo ya wuce, kujerar yarinyar tana jingine a bango. Haƙoranta na farko a waya na gan su.

Hukuma ta yarda ta haƙe lambunan ta zuba sabuwar ƙasa. Amma gidajenmu a manne suke, layi guda, katafila ba ta da mashiga sai ta lambunka da ke ƙarshen layin. A nan ɗakin tantabarunka yake, a nan kuma bishiyar tuffar da matarka, marigayiya Mariette, ta dasa da hannunta. Sauran maƙwabta ba sa son a haƙe, suna ta cewa tun suna yara suke cin kabejin nan, ga su garau. Kowa ya laɓe a bayanka, sun tabbata ba za ka yarda ba.

Na zo bakin shinge da niyyar roƙonka, sai na ɓuge da gaishe ka kawai. Ka dube ni ka ce, "Lieve, yau ba zagi? Ko jikin ne?"

Na ce, "Jikata nake kewa, tsoho."

Ka daɗe kana kallon bishiyar. Sannan ka ce, "Ni na kawo miki tokar nan. Har kofi kika ba ni, mai kama da ruwan wanke-wanke. Ce musu su zo."

"Bishiyar Mariette fa?"

"Da tana nan, ita za ta riƙe zarton, tana yi mini masifa na cika jinkiri."

Ba ka bar ma'aikata sun taɓa ta ba. Kai ka sare ta da kanka, a hankali, kana hutawa, don tun lokacin ciwon ya fara cin ka. Na ga kana share ido da hula, na yi kamar ban gani ba. Tantabarun ka rabar da su ga abokanka. Da katafila ta shiga lambunka, kunya ta kama sauran, suka bi ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin namijin da ya kai ka ba, kuma na yi baƙin cikin abin da ka rasa saboda ni.

Bara da bazara Katrien ta dawo da Fien, ta sauke ta a lambu. Yarinyar ta zauna daɓas ta cusa hannuwa cikin ƙasa, ni kuma saboda sabo na yunƙura zan ɗauke ta. Kana zaune a taga, ka rame, ka dawo daga wankin ƙoda ke nan. Ka ɗaga hannu da ƙyar ka ce, "Bar ta ta yi datti, Lieve. Don haka aka yi."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Annemie da ɗan'uwanta Dirk, da jikoki, da duk mutanen layinmu. Allah ya ba ku haƙurin rashin uba irin wannan. Allah ya jiƙanka, Staf, ya gafarta maka, ya sada ka da Mariette cikin salama. Yanzu haka da nake rubutun nan Fien tana lambu, gwiwoyinta duk ƙasa, kuma ban ce mata ta taso ba. Allah ya saka maka da mafificin alheri.