Kawu Malaki, Wanda Bai Taɓa Ba Da Goma Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina cikin wanke mota a unguwar Mangere ta birnin Auckland matarka Folole ta kira ni, ta ce Kawu Malaki ya cika. Na san kana jinya, na san inda ciwon ya dosa, amma sai da na zauna a ƙasa. Shekara saba'in da huɗu ka yi a duniya, talatin daga ciki kana zaune a kujerar gaba ta kowane zauren da aka kafa dandalin kokawa a kudancin Auckland, littafi a cinya, biro a bayan kunne.

Tuƙin bas ne sana'arka, ba ka taɓa hawa dandali ba. Duk da haka babu ɗan kokawar da ba ya fargabar takardar da kake fitarwa bayan kowane wasa, wadda kake ba kowa maki a ciki. Kokawar biyu-biyu ka fi so. Jama'a suna kallon wanda ke ciki ana jibgarsa, kai kuwa idonka yana kan abokinsa da ke tsaye a kusurwa riƙe da igiya, yana jiran a tafa masa hannu ya shiga. Kana cewa a nan ake gane mutum. Rowar makinka har ta zama abin tsokana, don ba ka taɓa ba kowa goma ba. Ranar da na fara hawa, uku ka ba ni, ka rubuta cewa jikina na bijimi ne, tafiyata ta agwagwa. Washegari sai ga ka a ƙofar gidanmu da kwanon gwaza da madarar kwakwa, ka ce in ci in ƙara himma.

Kawu, ba zan yi maka ta'aziyyar ƙarya ba, kai da ka tsani ƙarya. Shekara tara na yi ba na gaishe ka.

Kokawarmu shiri ce, kowa ya sani. Gwani shi ne wanda zai nuna azaba har 'yan kallo su ji ta a jikinsu, alhali lafiyarsa ƙalau. A wannan fanni babu kamar Peniamina, abokin wasana tun muna samari. A wasan da muka yi a unguwar Otahuhu mun shirya cewa zai rarrafo ya miƙo hannu, ni kuma in juya in yi cacar baki da 'yan kallo, a janye shi, don a ƙara wa zauren zafi. Aka ɗaga shi aka buga da ƙasa. Ya rarrafo yana jan hannun hagu, idonsa a kaina. Na ce a raina yau Peniamina ya ƙure gwaninta. Na juya kamar yadda aka tsara. Aka ja shi ta ƙafa aka sake buga shi. Ashe tun faɗuwar farko wuyansa ya taɓu, ta biyun ce ta zaunar da shi a keken guragu har yau.

A takardarka ba ka ba wannan wasa maki ba. Layi ɗaya ka rubuta a kaina: Lafaele yana kallon jama'a, bai kalli ɗan'uwansa ba. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma na kasa haɗiye ta. Na bar kokawa, na canza coci don kada mu haɗu. Kunya ta hana ni zuwa wurin Peniamina, kwana ya zama wata, wata ya zama shekara. Daga baya nake jin cewa kowace Lahadi bayan an tashi daga coci kana can gidansa, kana aske masa gemu, kuna kallon tsofaffin wasanni kuna gardamar maki.

Mako biyu kafin rasuwarka ka aika Folole ta kira ni asibiti. Na shiga ina sunkuyar da kai, ka dube ni ka ce har yanzu tafiyar agwagwar tana nan. Sannan ka sa aka miƙo mini littafin wancan lokaci, a buɗe. Da rubutunka, a gefen sunan Peniamina, ga goma nan ɓaro-ɓaro, an soke ta da biro har takardar ta yage.

"Lokacin da yake rarrafe na rubuta ta," in ji ka. "Har tafi na yi, ɗana. Ni da nake taƙamar ido, ni ma ban gani ba. Na ɗora maka kayan duka, na ɓoye nawa rabon. Ka yafe mini."

Hawaye suka zubo mini. Ka ce ba kuka ka kira ni in yi ba, tambaya ɗaya ce da kai: wa zai je wurin Peniamina ranar Lahadi? Sai ka zaro hannunka daga cikin bargo, ya rame har jijiyoyi sun fito, ka miƙo mini shi a buɗe yadda wanda ya gaji a dandali yake miƙa wa na kusurwa. Wannan karon ban juya ba. Na tafa.

Na je, Kawu. Peniamina bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa ba tukuna. Reza kawai ya nuna mini, ya ce in yi a hankali, hannuna bai kai naka ba. Lahadi mai zuwa ma zan koma.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe kurakuranka, ya auna ka da rahamarsa ba da tsananin ma'aunin da ka auna kanka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Folole, da 'ya'yanka Tautala da Elisapeta, da jikoki, da dukan zuriyarku ta Tuiasau na nan da na ƙasar Samoa. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya ba Peniamina nasa, don shi ma uba ya rasa.