Katin da Gara Ta Cinye

A zamanin da muke ƙarƙashin Sakkwato, kafin a yanka mana Jihar Neja, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya a asibitin da muke zuwa a Kontagora, inda ake miƙa kati. Na sha tsayuwa a bakin tagar nan, amma sau ɗaya tak na shiga ciki.

Ɗana na fari a Auna ya tashi, wajen yayar maigidana, wadda ta ɗauke shi tun yaye. Yana da shekara uku ta kawo shi asibitin da wani maruru, aka yi masa allura. Kafin su kai bakin ƙofa fuskarsa ta kumbura, numfashi ya sarƙe, Allah dai ya yi da sauran kwana. Ni ina jego a lokacin, labari kawai na ji. Likita ya rubuta sunan allurar a babban katin da ke zama a asibiti, ya ce kada a ƙara yi masa ita. Ƙaramin katin mai lamba kuwa, Yaya ta adana shi a ƙasan adaka, gara ta cinye shi.

Bayan shekara biyu ya zo mana kwana biyu, zazzaɓi da tari suka kayar da shi. Wani sabon likita muka tarar, ya ce ciwon ya sauka a huhu, sai allura. Na ce akwai wadda jikinsa ba ya so.

"Wacce?"

Ban sani ba.

"Je ki nemo katinsa, kada ki daɗe. Ba zan soka masa abin da ban tabbatar ba."

Na bar yaron a hannun maƙwabciyata da ta rako ni, na ruga tagar. Mai katin dattijo ne Bakambare, mai tabarau ɗaure da zare.

"Lamba, 'yata?"

"Gara ta cinye, Baba."

"Gara ta fi kowa son katina. To, sunan yaro?"

Na sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukina ya ci. Ya leƙo ni ta saman tabarau, ya turo takarda da fensir.

"Kin yi boko? To rubuta, fensir ba shi da suruki."

Na rubuta. Ya ja aljihun sunaye, ya yi ta bi da yatsa. Masu wannan suna tuli guda, babu ɗan Auna ko ɗaya.

"Wa ya kawo shi?"

"Gwaggonsa."

"Ashe sunan ubanta ne! To ita ma ba ta faɗa ba. Kun ba ni aiki da kunyar nan taku. Zagayo."

Ina shiga na tsaya cak. Katako ne hawa-hawa daga ƙasa har rufi, cike da katuna, kowane ɗauri da lambarsa, ɗakin yana warin tsohuwar takarda da maganin ƙwari. Ban taɓa tunanin ciwon mutane yana da wurin zama ba. Na kasa haƙuri na tambaya ko har da waɗanda suka rasu. Ya nuna hawan sama da haɓa, ya ce nasu yana can, ba a zubarwa. Na tuna mala'ikun da ke kafaɗunmu, na ce a raina, in bawa mai tabarau ya iya wannan, ina ga littafin da ba ya barin ƙarami ko babba? Subhanallahi.

Ya ce neman kati ƙofa uku gare shi: lamba, suna, da rana. Biyu sun rufe. Yaushe aka kawo shi? Wannan na sani, don na rubuta ranar haihuwar ƙanwarsa a bayan littafin addu'o'ina, kuma ban yi arba'in ba abin ya faru. Na faɗa masa watan. Ya sauko da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, inda ake shigar da duk wanda ya zo a kowace rana. Bai kalli sunaye ba, layin garuruwa ya bi. Nasko, Sahon Rami, Nasko, Auna amma tsohuwa ce. Ya lashi yatsa ya juya shafi, ya sake juyawa. Ina jiyo tarin ɗana daga baranda.

"Auna, namiji, shekara uku, maruru."

Ya karanto laƙabin da Yaya take kiransa da shi a gida. Na matso kusa da shi.

"Shi ne, Baba!"

Ya duba lambar da ke gefen layin, ya taka benci, ya zaro kati ɗaya daga cikin dubbai, kamar jiya ya ajiye. A samansa an ja layi da jan tawada. Kafin ya ba ni sai da ya ƙara sunan yanka kusa da laƙabin, ya yanka mini sabon ƙaramin kati, ya ce in sa shi a gwangwani.

Likita ya duba jan rubutun, ya dubi kwalbar da nas ta riga ta ajiye a kan tire, ya ce ta mayar da ita. Ashe ita ce wadda aka hana. Aka kawo wata daban. Na zauna a bakin gado ina kallon fuskar yaron, ina salati, har aka kira la'asar fuskar ba ta tashi ba.

A kwana na huɗu ya buɗe ido ya ce kunun tsamiya yake so, kuma wai nawa bai kai na Gwaggo daɗi ba.